Mun gyara lungunmu da hannunmu, yanzu haya na korar mu

Tela Ɗan Haya:

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ya daɗe yana ci na a rai.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina haya a lungu ɗaya, ɗaki biyu, ni da maiɗakina da yara huɗu, kuma a bakin lungun na kafa keken ɗinkina. Gida 37 ne a lungun. Tara ne kawai masu su ke zaune a ciki, sauran duk 'yan haya ne. A da, in aka yi ruwa na awa guda, kwata ce ke dawo mana cikin ɗaki. Na sha tashi tsakar dare in ɗora katifa a kan teburin yankan yadi, in jera yara a kai, ni da uwarsu mu kwana kwalfar ruwa da bokiti. Har gobe akwai shaida a bangon ɗakinmu, daidai gwiwata, inda ruwan ya tsaya a damina mafi muni.

Shekara biyu da suka wuce muka ce ya isa haka. Muka kafa kwamiti, aka ba ni magatakarda tunda kullum ina bakin lungu, kowa ya wuce sai mun gaisa. Wata bakwai muna tara kuɗi. Muka haƙa lambatu daga ƙarshen lungu har babbar magudana, muka zuba siminti, muka rufe shi da silab, muka ja wuta muka kafa fitila uku. Ba ɗan kwangila, mu ne leburorin kanmu. Daminar bara ko ɗigo bai shiga ɗakin kowa ba.

Ana gama damina sai dillalai suka fara zarya. Lungun da a da ba mai kawo baƙo cikinsa ya zama abin nunawa. Mai gidana ya ƙara mini haya, yanzu kusan rabin abin da nake samu can yake tafiya. Ni dai na cije. Amma gida shida sun tashi cikin wata biyar.

Wadda tashinta ya fi tsaya mini a rai wata baiwar Allah ce da mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, wankau take yi a gidajen masu hali da ke tsallaken titi. Lokacin aikin ba ta da kuɗin bayarwa kullum, sai ta ce za ta biya da ƙarfinta. Ita ta riƙa jido mana ruwan kwaɓa siminti. Ƙaramin ɗanta ya taka wani silab tun bai bushe ba, sawunsa na nan daidai ƙofar gidan da suka zauna. Ranar da za su tashi, ina zaune a kan keke na ga an turo kayansu a baro, tabarma da tukwane da katifa ɗaya, tayar baron ta bi ta kan sawun nan. Ta koma can ƙarshen gari inda mota ke juyowa. Yanzu mota biyu take hawa kafin ta iso wurin wankinta, kuma babbar 'yarta ta daina zuwa makaranta don tsaron ƙanne.

To ga abin da ya kawo ni. Hukuma ta aiko cewa za a gyara unguwar baki ɗaya: titi, famfo, wuta. Gidajen da titi zai bi ta kansu za a rushe, a ba masu su diyya ko gida a wani sabon rukuni a bayan gari. Ɗan haya ba a ko ambace shi ba. An ce kwamitinmu ya kawo amsa, kuma jama'a ni suke kallo. Tsorona kada garin neman gira mu rasa ido. Shin akwai inda aka taɓa gyara unguwar talakawa, talakawan suka ci gaba da zama a cikinta? In akwai, ta yaya aka yi? Kuma in goyi bayan wannan aiki ko in ƙi?

Tsohon Birkila:

Wa alaikumus salam Malam Tela. Allah ya saka muku da alheri a kan aikin lambatun nan. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina ɗora bulo, na san wahalar da kuka sha.

Abu ɗaya zan fara faɗa maka: duk gidan da za a ba mutum a inda ba sana'arsa, ba gida aka ba shi ba. Na yi aiki a irin waɗannan rukunai na bayan gari. Ginin da kyau, fenti na ƙyalli, amma ba kasuwa, ba asibiti, ba makaranta, mota sai ka yi tafiyar ƙafa mai nisa. Bayan shekara biyu in ka koma sai ka tarar rabin mutanen sun sa wasu haya sun dawo cikin gari sun kama ɗaki ɗaya. Ba butulci ba ne. Talaka a kusa da abincinsa yake kwana. A Meziko an yi wannan kuskure da girmansa, aka gina gidaje birjik nesa da birane, aka sayar wa ma'aikata a kan bashi, daga baya ɗimbinsu suka zama kufai saboda mutane sun gudu sun bar su. Ana gina irin wuraren nan a nesa ne don filin can ya fi araha, amma arahar ta gwamnati ce, shi mazaunin a kuɗin mota yake biyan bambancin kowace safiya.

Akwai wani mai zanen gini ɗan ƙasar Chile, Alejandro Aravena, da dabararsa ta burge ni. A garin Iquique, a wani wuri da ake kira Quinta Monroy, iyalai 93 ne za a gina wa gida, kuma filin da suka daɗe zaune a kai yana tsakiyar gari, da tsada. Kuɗin da gwamnati ta ware ba zai isa a sayi filin kuma a yi cikakken gida ba. Sai suka zaɓi a bar mutane inda suke, a gina wa kowa rabin gida mai kyau. Wane rabin? Wanda mutum ba zai iya yi da kansa ba: harsashi, ginshiƙai, matakala, banɗaki, kicin. Aka bar fili a gefen kowane gida, an riga an tsara yadda za a cike shi. Mutane suka riƙa ƙara ɗaki a hankali har gidan ya kusa ninkawa. An ba shi babbar lambar yabo ta Pritzker a 2016.

Ni da na yi gini na san gaskiyar wannan. Ba talakan da ke gina gida rana ɗaya. Bulo ɗari bana, kwano baɗi. Abin da ke cutar da shi harsashi ne mara ƙarfi, wanda in ya so ɗora bene ba hali. Don haka in za ku zauna da hukuma, ku nemi waɗanda titi zai ci gidajensu a sama musu wuri cikin unguwar, ko da sama za a hau.

Uwar Marayu:

Ɗana Tela, ni ina cikin waɗanda kuke kira masu gida, kuma na ji zafin maganarka. Labarin mai wankin nan ya sa ni hawaye. Amma bari in faɗa maka namu ɓangaren.

Ɗaki huɗu maigidana ya bari. Ina cikin ɗaya da jikoki, uku na sa haya, da su nake ci, da su nake sayen maganin hawan jini. Da aka gyara layinmu ni ma na ƙara haya, ba zan ɓoye ba. Salga ta cika sai an kwashe, kwano ya ruɓe, ga masu karɓar haraji da suka fara sanin hanyar layin tunda mota ta samu shiga. Sannan dillali ya zo ya zauna a ƙofar ɗakina yana cewa ana cutata, wai ɗakin maƙwabta ya fi nawa tsada. Sau uku kuma ana zuwa taya gidan gaba ɗaya.

Kada ku haɗa mu da mai gida ashirin da bai taɓa kwana a unguwar ba. In kuka sa mu a layi ɗaya da shi, can za mu koma dole. Ku kira mu taro. Da za a taimake ni da rancen gyara rufi da ƙarin ɗaki ɗaya, wallahi zan sa hannu cewa ba zan ƙara wa mutanena haya ba na wasu shekaru. Ɗan hayar da ya yi shekara takwas tare da ni, shi ke kai ni asibiti in ciwo ya tashi da dare. Ban ƙi ya zauna ba.

Ɗalibin Tattalin Arziki:

Da girmamawa ga iyayena da suka yi magana, ni ina ganin wannan ba aikin kwamitin lungu ba ne. Gwamnati ce kaɗai ke da ƙarfin da zai sauko da haya, ta hanyar gina gidaje da yawa ta kuma riƙe su a hannunta.

Ku dubi Biyana, babban birnin Ostiriya. Daga 1923 zuwa 1934 hukumar birnin ta gina gidaje sama da 60,000 da harajin da ya fi nauyi a kan masu hali. Ɗaya daga cikinsu, Karl-Marx-Hof, tsawonsa ya haura kilomita ɗaya, an yi shi da wurin wanki da makarantar yara ƙanana da fili mai shuke-shuke. Yau birnin na da gidaje kusan 220,000 nasa na kansa. Mai gida mai zaman kansa ba ya iya tsawwalawa sosai, don ɗan haya na da wurin zuwa. Singafo ta kafa hukumar gidajenta a 1960, ta yi dokar karɓar filaye a 1966, yanzu kusan mutum takwas cikin goma a gidajen hukumar suke. Ga mafita, sauran duk faci ne.

Malama Mai Tsara Birane:

Ɗalibi, alkalumanka daidai ne, kuma ina tare da kai cewa gwamnati ba za ta zame ba. Amma Malam Tela amsa ake jira daga gare shi a 'yan makonnin nan, don haka bari in tsaya kan abin da ke gabansa.

Malam Tela, abin da ya same ku ba tsautsayi ba ne, haka lamarin yake tafiya ko'ina. Lambatun da kuka yi bai ƙara wa ɗakin ko taku ɗaya ba. Darajar ƙasar da ɗakin ke kai ce ta tashi, kuma duk ƙarin da ƙasa ta yi, aljihun mai takardarta yake shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Saboda haka tambayar da ta kamata a warware kafin a kafa diga ita ce: wa ke riƙe da ƙasar, kuma wa aka ba tabbacin zama?

Ka tambaya ko akwai inda aka yi nasara. Akwai, kuma wanda ya fi kama da naku shi ne Caño Martín Peña a birnin San Juan na Puerto Rico. Unguwanni takwas ne na talakawa a gefen wata mashigar ruwa da ta toshe da shara, kullum ambaliya da ƙazanta, ga su dab da unguwar bankuna. Da gwamnati ta ce za ta yashe ruwan, mazauna suka hango abin da ku sai da ya faru kuka gani: ranar da ruwan ya yi tsabta, masu kuɗi za su saye wurin gida-gida. Suka yi taruka ɗaruruwa, har aka yi doka a 2004 da ta kai ga kafa amanar fili. Ƙasar, kimanin eka 200, ta zama ta jama'a a dunƙule, ba mai iya sayar da ita, kusan yadda muka san waƙafi. Kowane iyali kuma na da takardar gidansa da haƙƙin zama a kan filin, zai iya barin wa magada. Lura da yadda suka jera abin: sun ɗaure ƙasa tukuna, sannan gyara.

A Tailan ma, shirin Baan Mankong da aka fara a 2003 bai ba mutum ɗaya-ɗaya rance ba. Unguwa ce ke kafa ƙungiyar gama-kai, ta fara tara nata kuɗin, sannan a ba ƙungiyar rance mai sauƙin ruwa na shekara 15, ta sayi filin ko ta karɓi hayarsa ta dogon lokaci da sunan kowa. Dalilin haɗa takardar wuri ɗaya shi ne, in ka ba matalauci takarda shi kaɗai, ranar da ɗansa ya kwanta asibiti ranar zai sayar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Bankok, babban birnin Tailan ɗin, tun shekarun 1980 an yi wani sulhu da masu filaye: mai fili ya ɗauki gaban da ke bakin titi ya yi shaguna, mazauna su riƙe bayan su sake gini a tsare.

Sai dai dole in gaya maka gaskiya. Irin waɗannan tsare-tsare sun fi kare wanda ya gina ɗakinsa, ko da ba shi da takarda. Ɗan haya shi ake yawan mantawa, domin ba ya cikin kowane littafi. Shi ya sa aikinku na farko ƙidaya ce, kuma ku za ku yi ta, ba hukuma ba. Ku bi gida-gida, ɗaki-ɗaki: mutum nawa, shekara nawa a nan, wace sana'a, a ina yake yin ta, yara wace makaranta, nawa ne haya, nawa ne kuɗin mota. Ku zana taswirar unguwar, ku sa wa kowace ƙofa lamba da fenti, ku karanta sakamakon a bainar jama'a kowa ya gyara nasa. A Mumbai ta Indiya a 1985 aka ƙirga masu kwana a gefen titi, waɗanda hukuma ke ɗauka 'yan wucewa ne, sai ga shi da yawansu sun shekara da shekaru a wurin suna aiki. Daga cikinsu matan suka kafa ƙungiyar Mahila Milan, suna bi ƙofa-ƙofa kullum suna karɓar ɗan abin da ya samu don ajiya. Wanda ya shiga ofis da littafin ƙidaya da littafin ajiya, ba a yi masa kallon mai roƙo.

Kan batun rabin abin da kake samu: ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kada haya ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Daga Amurka ya samo asali, inda dokar 1969 ta sa kashi 25 ga mazauna gidajen gwamnati, aka ɗaga zuwa 30 a 1981. Amma ku haɗa da kuɗin mota in kuna lissafi, in ba haka ba gidan bayan gari zai fito da araha a takarda alhali ya fi tsada.

Maganar Hajiya Uwar Marayu kuwa, kada ku bari ta faɗi ƙasa. Ku nemi a ware wani kaso na kuɗin aikin ya zama rance ga ƙananan masu gida, da sharaɗin rubutacciyar yarjejeniya kan haya. Ƙarin ɗakunan ma da kansu za su rage matsi. Amsarka ga hukuma kada ta zama e ko a'a. Ka ce kun yarda da gyara, bisa sharuɗɗa, a rubuce, kafin zuwan katafila.

Tsohon Birkila:

Ɗalibi ɗana, ƙarin bayani kaɗan. Gini ba ya ƙarewa ranar da aka yanke ƙyalle. A St. Louis ta Amurka an gina Pruitt-Igoe, benaye 33 masu hawa 11, aka fara shiga a 1954. Kuɗin gyara daga haya aka ce zai fito. Mutane suka ragu, haya ta ragu, na'urar hawa bene ta lalace ba gyara, bututu ya fashe ba gyara, wasu suka ƙara tashi. A 1972 aka fara sa musu nakiya. Ko shekara ashirin ba su cika ba. Duk wanda zai gina, a tambaye shi wa zai riƙa gyara.

Yadda ake yi a Yurugwai ya fi kwanta mini. Tun dokar gidaje ta 1968, ƙungiyoyin gama-kai ke karɓar rance, kowane iyali ya ba da awa 21 na aikin gayya a mako, kuma ba wanda ya san gidan da zai zama nasa sai an gama an jefa ƙuri'a. Ka ga ba mai yin ha'inci a kwaɓin siminti.

Tela Ɗan Haya:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa kwamiti amsoshinku daren jiya a ƙarƙashin fitilarmu ta tsakiya.

Hajiya, maganarki ta kunyata mu, don gaskiya tun da aka fara ƙarin hayar nan ba mu sake kiran masu gida taro ba, gaisuwa ma sama-sama muke yi. Da safen nan na shiga gida huɗu cikin taran. Uku sun ce za su zo. Ɗayan dattijo ne, ya kama hannuna ya kai ni ya nuna mini inda bangon ɗakinsa ya tsage tun daga sama har ƙasa, hannu na shiga. Ya ce da hayar da ya ƙara yake son gyarawa kafin ya faɗo wa jikokinsa. Ban taɓa shiga ɗakin ba sai yau.

Malama, mun sayi littafi mai kauri da gwangwanin fenti. Matasa shida sun karɓi aikin ƙidaya, mata biyu za su shiga inda maza ba sa shiga. Mun yi gardama sosai kan waɗanda suka riga suka tashi. Wasu sun ce wanda ya tafi ya tafi. Ni na dage sai an rubuta su, tunda guminsu na cikin lambatun nan, aka amince a ba su shafi nasu a bayan littafin. Ranar hutu zan hau motar nan biyu in je in samu mai wankin, in rubuta ta da yaranta uku.

Tambaya ɗaya ta rage mini. Fiye da rabin gidajen lungun na mutum biyu ne da ba sa zaune a unguwar, ta hannun dillali kawai muke jin su, kuma rancen gyaran rufi ba zai ja hankalinsu ba. Wannan sulhu na Bankok da kika ambata, na mai fili ya ɗauki bakin titi, wa ke fara kai maganar, mu ko hukuma? An ba mu mako uku.